Hambali Baduku da Gafakar da Ba a Buɗe Ba

Duk wanda ya saba bi ta bayan kasuwar Magaria da sassafe ya san rumfar nan ta ƙarshe, wadda ta jingina da katangar masallaci. Kafin masu koko su sauke tukwanensu, Hambali Barau ya riga ya share gabanta, ya yayyafa ruwa, ya shimfiɗa buzunsa. Ba ya taɓa basilla sai ya yi alwala, ko da takalmi zai fara da shi, don a cewarsa mutum bai san abin da za a miƙo masa kafin hantsi ba. Daga nan sai ya jera aska da almakashi da ƙoƙon ƙaro, ya jawo fata ya ɗora a cinya, ya sunkuya. Idan ka yi masa sallama zai amsa maka cikakkiya, amma kada ka sa ran hira. Kada a yi masa ƙarya, Hambali ba mutum ne mai fara'a ba, kuma mai son ragi a wurinsa gara ya tanadi haƙuri tun daga gida.

Baduku ne ɗan baduku. Sai dai a cikin dukawa kowa da inda hannunsa ya faɗa: wani takalmi, wani kube, wani kayan doki. Shi Hambali takarda ya bi. Shi ke yin tadarishi, bangon nan biyu da ake damƙe warwaren Alƙur'ani a tsakaninsu, shi ke ɗinka gafakar da ake zura shi a rataya. Daga Bande, daga Dungas, daga Waca, har daga ƙetaren iyaka malamai ke aiko masa da littattafan da suka gada. Ganyen da ya yage ya liƙe shi, wanda ya naɗe ya miƙar da shi, ya mayar wa mai shi ba tare da ya ce a gode masa ba.

Bana, shekarar 1978, ciwon yana ya rufe masa ido ɗaya, ɗayan kuma ya fara gardama da ramin basilla. Ya ce da kaka zai naɗe buzunsa. Shi ya sa ya kamata a faɗi abin da ya dace a faɗa tun yana ji da kunnensa. Masu yabon ɗinkinsa suna da yawa, kuma sun yi gaskiya. Amma abin da ya fi cancantar jinjina a rayuwar wannan bawan Allah ya faru ne a karo ɗaya da aikinsa ya kuskure.

A daminar da ruwa ya dawo bayan babban farin nan, wani malamin lakwal, wato makarantar boko, da ke koyarwa a Waca, wanda ake kira Mushe Isufu irin yadda Faransawa ke cewa malam, ya zo rumfar da ƙunshi a cikin tsohon zane. Ya durƙusa ya gaida shi, ya kwance. Ganyaye ne jibge, sun yi ja don tsufa, gara ta cinye kawunansu, zaren da ya taɓa riƙe su ya ruɓe.

"Baba, ɗakin mahaifina ne ya faɗi da ruwan shekaranjiya. Wannan kaɗai na tsamo."

Hambali ya leƙa, ya ga rubutun boko, ya janye hannu.

"Ai wannan na Nasara ne, Mushe."

"Na Nasara ne, Baba. Amma ka ji yadda ya shigo gidanmu."

Mahaifin Isufu tsohon soja ne, yana cikin waɗanda aka kwasa zuwa yaƙin Faransi. Wata rana suka shiga wani gida da wuta ta ci rabinsa, sai ya ga littafi yashe a ƙasa, a buɗe, a kan shafin kuma ga haruffan Larabci. Bai iya karatun boko ba, na allon ma bai yi nisa ba, amma ya san ba a barin waɗannan haruffa a ƙasa ana takawa. Ya ɗauka ya kaɗe, ya sa a jakarsa, ya ƙetaro teku da shi. Shekara da shekaru yana rataye a saman gadonsa, yana ɗaukarsa littafin addini. Sai da ɗansa ya yi lakwal ya girma sannan ya karanta masa bangon: tarihin mutanen Farisa ne, wani Bature ya rubuta, an buga shi fiye da shekara ɗari biyu da suka wuce. Haruffan da ya gani kuwa sunayen sarakunansu ne da wasu kalmomi na harshensu, wanda ake rubutawa da baƙaƙen Larabci. Tsohon ya ce, "To, haruffan dai ba su canza ba. A bar shi inda yake."

Hambali ya daɗe yana kallon ganyayen. Sannan ya ɗauki ɗaya ya murza gefensa a hankali. Takarda ce mai kauri, mai kaushi, ba irin ta yanzu mai santsi ba. Ya ɗaga ta saitin rana, sai ga tambari a cikin jikinta, kamar yadda ake gani a tsofaffin takardun malamai. Ya sake duba ƙasan shafin, ya ga wata kalma guda zaune ita kaɗai a kusurwa.

"Wannan fa, me take yi a nan?"

Isufu ya karanta, ya lalubo wani ganye, ya ce ita ce kalmar farko ta shafin da ke biye.

A ranar ne aka ga haƙoran Hambali a kasuwa. "Ashe su ma sun san wannan," in ji shi. Haka marubutanmu ke yi wa warwaren littafi don kada ganye ya ɓace wa ɗan'uwansa. Tunda gara ta cinye lambobin da ke sama, da waɗannan kalmomi suka bi. Duk ranar kasuwa Isufu ya zo, shi yana karantawa, Hambali yana jerawa. Wahala suka sha ba kaɗan ba. Baturen da ya buga littafin yana da wani harafi mai kama da wani, wanda ya riƙa sa malamin lakwal guda yana in-ina kamar ɗan aji ɗaya. Shi kuma Hambali hannunsa ya saba da dama, da an yi ɗan nisa sai a tarar ya jera littafin daga ƙarshe zuwa farko, a sake warwarewa.

A cikin ganyayen akwai zane-zane: birane masu dogayen hasumiyoyi, sarakuna da manyan rawuna, taswira mai ninki wadda ta tsage gida uku. Akwai kuma wani shafi da ya nuna dattawa masu gemu tsaye kewaye da wuta, hannuwansu a sama. Isufu ya ce Majusawa ne, mutanen ƙasar kafin Musulunci ya isa can. Hambali ya liƙe yagewar shafin da kyau kamar sauran, sai dai duk lokacin da ya zo kansa kife shi yake yi.

Da aiki ya ƙare ya yi masa tadarishi mai ƙarfi. Sai aka yi hutun lakwal, aka tura Isufu Damagaram wani kwas, littafi ya zauna. Damina kuwa ta yi nauyi a shekarar, komai na ɗaki yana tsatsafo da danshi. A daidai lokacin maigarin Rijiyar Kadi, wani ƙauye a hanyar Dungas, ya aiko da Alƙur'anin garinsu a yi masa sabuwar gafaka. Hambali ya samo fatar akuya mai kyau, ja jawur da karan dafi, ya ɗinka. Fatar ta yi saura, ya fitar da gafaka ta biyu. Ya dubi littafin Isufu yana shan danshi a kan tabarma, zuciyarsa ta ɗan ja baya, amma tausayin takarda ya rinjaye shi. Ya zura shi a gafaka ta biyu ya kai gida. A zaurensa ya rataya Alƙur'ani a maratayin sama, littafin Farisa a na ƙasa, don kada wani abu ya hau kan maganar Allah.

Ana nan aka aiko masa surukinsa ya rasu a Bande. Ya tafi zaman makoki. Bayan tafiyarsa ɗan aiken maigari ya iso a gaggauce, ya ce shari'a ta taso, ana bukatar Alƙur'anin gari yau-yau. Ɗela, matar Hambali, ba ta taɓa kai hannu ga kayan zauren ba tunda aka kawo ta gidan. Daga bakin ƙofa ta tsaya ta ce, "Malam ya ce mai jar gafaka ne, yana rataye a ciki." Ɗan aiken mutum ne gajere, kuma yana sauri. Ya ga jar gafaka daidai hannunsa, ya kama maratayinta ya yi gaba.

Shari'ar kuwa ba ƙarama ba ce. Wani manomi, Tamu, ya wayi gari ya tarar shanu sun shiga gonarsa sun yi ɓarna, a shekarar farko da gero ya yi kai bayan shekarun yunwa. Ya ce shanun Hamman ne, makiyayin da ke zaune da iyalinsa a gefen garin, yana noma ɗan fili, yana shayar da ƴan shanun da fari ya bar masa a rijiyar gari. Hamman ya ce ba nasa ba ne. Babu shaida, sai rantsuwa. Da ya ƙi rantsewa, ko aka kama shi da ƙarya, da shanun da zaman garin duk sun tafi.

A can, kamar wurare da yawa a ƙasar nan, ba a buɗe Alƙur'anin rantsuwa. Kwarjininsa ya fi ƙarfin haka. A gafakarsa ake ajiye shi a kan sabuwar tabarma, mai rantsuwa ya yi alwala ya ɗora hannu, jama'a su ja da baya. Haka Hamman ya yi. Ya ɗora hannu ya rantse, magana ta mutu, kowa ya kama gabansa, maigari ya rataye gafaka a ɗakinsa.

Da Hambali ya dawo, Ɗela ta ba shi labarin ɗan aike tun bai cire takalmi ba. Ya ɗaga kai ya dubi bango. Maratayin ƙasa babu komai, na sama yana nan da kayansa. Ya yi alwala, ya sauko da gafakar ya buɗe, ko da yake ya riga ya san abin da zai gani. Ya zauna a ƙasa. Kafin la'asar wani mai jaki daga wajen Dungas ya tabbatar masa an yi rantsuwa an gama.

Ɗela ta kawo abinci ta mayar. Ta dawo ta tsuguna a bakin zaure.

"Malam, ka je ka ce akwai ɗinkin da ka manta ba ka ƙarasa ba. Ka karɓo waccan, ka ba su wannan. Wa zai sani?"

"Babu."

"To?"

"In na musanya a ɓoye, gafaka na gyara, Ɗela. Rantsuwar fa? An ce wa Tamu ya haƙura da gonarsa saboda Alƙur'ani, alhali Alƙur'ani yana nan zaurena."

"Ka san abin da malamai za su ce. Littafin masu bautar wuta a gafakar Alƙur'ani, kuma da hannunka."

"Na sani."

Ya sani ɗin kuwa. Baduku irinsa ba shi da gona, ba shi da garke. Abin da ya tara tun yana saurayi shi ne yardar da ta sa malami zai miƙa masa littafin kakansa ya juya baya. Ita ce za ta tafi, kuma ba ta dawowa da roƙo. Tsoro ya kama shi sosai, shi da kansa ya faɗa daga baya. Da safe ya hau amalanken masu zuwa Dungas, Alƙur'ani a kan cinyarsa.

Waɗanda suka halarci abin da ya faru a ƙofar maigari suna nan da ransu, daga bakinsu aka ji. Hambali ya faɗi ya yi gaisuwa, ya roƙi a kira Tamu da Hamman da liman da duk wanda ya ga rantsuwar. Da aka taru ya ce:

"Ranka ya daɗe, Alƙur'anin garinku ga shi a hannuna. Bai bar zaurena ba sai yau. Abin da aka rantse da shi wani littafi ne na Nasara. Ni na sa shi a gafaka irin wannan, laifin nawa ne."

Maigari ya sa aka fito da gafakar, liman ya kwance ta. Ya ɗaga bango, ya juya ganye kaɗan, sai ga dattawan nan kewaye da wutarsu. Wuri ya yamutse da salati. Ƴan'uwan Tamu suka miƙe, suka ce ai ga ta nan, baki aka haɗa da baduku don makiyayi ya rantse a kan banza ya tsira. Wani ya ce a kamo shanun, wani ya ce a kawo wuta a ƙone littafin. Hamman yana zaune ya kasa ko motsi.

Hambali ya matsa ya rufe littafin, ya ɗora shi a cinyarsa ya dafe.

"Wannan amanar wani ce, gadon ubansa ne. Bai zo nan da ƙafarsa ba. Wanda zai ƙone shi ya fara da wanda ya ɗinka masa riga."

Sannan ya nemi buta. Ya yi alwala a gaban jama'a, ya sa aka shimfiɗa tabarma, ya ce wa liman ya buɗe Alƙur'anin kowa ya gani da idonsa. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana ɗaukar Alƙur'ani yana saukewa, bai taɓa rantsuwa da shi ba, ko a ciniki ba a taɓa jin ya ce wallahi ba. Ranar ya ɗora hannu ya rantse cewa bai taɓa ganin Hamman ba sai yau, kuma babu mahalukin da ya san an kuskure gafaka, har shi kansa, sai bayan an gama.

Hamman ya tashi ya ɗauki butar, ya yi tasa alwalar, ya nufo tabarma. Yana miƙa hannu Tamu ya riƙe masa wuyan hannu.

"Bari, Hamman. Ranar nan ina kallon hannunka, bai yi rawa ba. Abin da ka ɗauka yana ciki, da shi ka rantse. Na karɓa."

Hamman ya zauna a garin da shanunsa, har yau yana nan. Wanda ya yi wa Tamu ɓarna kuwa ba a taɓa gano shi ba.

Shi Hambali labari ya riga shi isa Magaria. Aka sa masa suna badukun Majusawa. Malamai suka aiko aka karɓe littattafansu, wasu ma ba a gama gyaransu ba. Masu sallama suka ragu. Hannun da ya saba da ganyen takarda ya koma ɗinkin guga da gyaran takalmi, kuma bai iya su kamar masu yinsu ba, kowa ya gani. Duk da haka bai fasa alwalarsa ta safe ba. Da Mushe Isufu ya dawo ya ji, ya zo rumfar ya zauna yana share hawaye, ya ce zai bi malamai gida-gida ya gaya musu shi ya jawo. Hambali ya hana shi. Ya miƙa masa littafinsa a sabuwar gafaka baƙa wuluk, marar ado ko ɗaya, ya ce, "Wannan ko makaho ba zai ɗauke ta da kuskure ba. Ka riƙa fito da shi yana shan iska." Littafin yana Waca har yanzu, ganyensa cif, taswirarsa a liƙe.

Ba za a ce komai ya koma yadda yake ba. Akwai malaman da ba su sake taka rumfar ba, Alƙur'anin Rijiyar Kadi ma wani baduku ake kai wa yanzu. Kaka biyu suka wuce babu wanda ya miƙo masa ko ganye ɗaya mai bismilla. Sai wata ranar kasuwa wani mutum ya yi sallama, ya durƙusa, ya ajiye ƙunshi a kan buzu. Tamu ne. Alƙur'anin mahaifinsa ne ya kawo, tadarishinsa ya karye.

Hambali bai kai hannu ba. Ya ce, "Ka san sunan da ake kirana da shi a kasuwar nan?"

"Na sani, Baba."

"Ka san abin da na yi?"

"Ina wurin," in ji Tamu.

Daga shi wasu suka biyo, ɗaya bayan ɗaya, ba da yawa ba, amma sun isa su riƙe shi har zuwa yau da ido ya ce ya isa.

Malam Hambali, kai ne ka ga tsohuwar takarda ta wata al'umma, a harshen da ba ka ji, a kan mutanen da ba ka taɓa gani ba, ka yi mata hidimar da kake yi wa taka. Kai ne aka buɗe maka ƙofar fita babu mai ganinka, ka ƙi bi. Manomi bai san an tauye shi ba, makiyayi bai san an jefa shi a haɗari ba, kai kaɗai ka sani, kuma ka ɗauki sunanka ka kai shi ƙofar maigari ka ajiye. Mun ga abin da ya ci maka. Da yawanmu mun yi shiru a lokacin da ake kiranka da sunan banza, wasunmu har da dariya, kuma abin yana damunmu.

Mun gode, Baba. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka lafiyar ido, ya sa ka gama lafiya. Mu kuma da muka rage a bakin aiki, malamin lakwal ne ko ma'aikacin asibiti, mai awo ne ko mai ɗinki, kowannenmu ranarsa tana zuwa da zai dubi bango ya ga ya yi kuskuren da babu wanda ya sani sai shi. In ta zo, a tuna akwai wani tsoho a bayan kasuwar Magaria da aka ce masa ya musanya a ɓoye, ya tashi da safe ya hau amalanke.